Shag ko Lindi Hof: Wacce Za Ka Koya?

Rawar Lindi Hof ta fito daga unguwar Harlem a birnin New York na Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1920, a zauren rawa na Savoy. Rawa ce ta tsalle da juyi, har a cilla abokiyar rawa sama. Sai mai jini a jika.

Rawar shag kuwa ta girma ne a bakin tekun jihar Karolina ta Kudu a Amurka, kusa da garin Myrtle Beach, inda matasan fararen fata suka riƙa jin waƙoƙin baƙaƙen fata tun shekarun 1940. Kiɗanta a hankali yake, taku shida, kafaɗa ba ta motsi, ƙafa ce ke aiki kamar tana zamewa. Jihar ta ɗauke ta rawarta ta hukuma a 1984.

Ni dai, da wannan gwiwar tawa, shag zan zaɓa.