Katin Memori ko Manhajar Waya: Abin Dubawa Kafin Mai Sauraron Waƙa Ya Kashe Kuɗinsa

Duk ranar Juma'a bayan la'asar nakan zauna a zaure a nan Gusau in saurari waƙa har rana ta kusa faɗuwa, kuma yadda nake raba lokacin bai cika sauyawa ba: kashi biyu na makaɗan fada, kashi ɗaya na mawaƙan zamani. A 'yan watannin nan Alhaji Musa Ɗankwairo da Sa'idu Faru ne suka fi zama a kunnena, sai Hamisu Breaker da Nura M. Inuwa idan matasan gida suka shigo. Wannan ɗabi'a ce ta sa na gwada hanyoyi uku na mallakar waƙa, na kuma gane cewa kafin mutum ya tambayi farashi, ya kamata ya fara tambayar kansa su wa yake saurare.

Mai sha'awar sababbin waƙoƙi manhaja ta fi yi masa daidai, domin mawaƙan yanzu can suke fara sakin aikinsu. Audiomack tana bari a sauke waƙoƙi da yawa kyauta a saurare su ba tare da data ba, illa dai a jure tallace-tallace. Boomplay takan zo a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun daga kamfani. Spotify, wadda ta shigo Najeriya a 2021, sautinta yana da tsabta, amma sauke waƙa a cikinta sai wanda yake biyan kuɗin wata. Abin da masu saye suke yawan mantawa shi ne waƙar da aka sauke a cikin manhaja tana kulle ne a cikinta, ba a iya tura wa aboki ta Xender, kuma ranar da aka daina biya ko aka goge manhajar, taskar ta tafi.

Ga mai son kiɗan kotso da taushi kuwa, katin memori har yau ba shi da na biyu. Ɗankwairo ya rasu tun 1991, kuma mafi yawan waƙoƙinsa da na Ibrahim Narambaɗa da Aliyu Ɗandawo daga tsofaffin kaset-kaset da ajiyar gidajen rediyo aka kwafo su, saboda haka sun fi cika a kwamfutocin masu tura waƙa na cikin kasuwa fiye da a manhajoji, inda ake samun su a warwatse, wani lokaci ma da sunan wani makaɗin daban. Lissafinsa ma mai sauƙi ne: minti ɗaya na waƙar MP3 mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabait 1, wato kati mai gigabait 8 zai ɗauki sauraron fiye da awa 120. Mu mutanen Zamfara muna da ƙarin dalili, domin ba mu manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar, kowa ya koma ga abin da yake ajiye a hannunsa.

Sai dai akwai jabun kati. Na taɓa sayen wani da aka rubuta gigabait 32 a jikinsa, aka cika mini shi, na dawo gida na tarar rabin waƙoƙin ba sa buɗewa. Tun daga ranar ba na barin shago sai na sa an kunna waƙar farko da ta tsakiya da ta ƙarshe, kuma nakan kasa kunne ga 'yan amshi, in ji ko muryarsu tana fita sarai.

Hanya ta uku ita ce ƙaramin rediyo mai caji wanda yake cin memori, kuma shi nake ba dattijo shawarar saye, musamman mai zama a ƙauye inda wuta ba ta zama. A zaɓi wanda ake iya cire batirinsa a sauya, a kuma gwada shi da kiɗan gargajiya maimakon na fiyano, saboda ƙaramar sifika takan haɗiye zaƙin kotso ta bar kwaramniya. Nawa yana ajiye a kan taga, katin Ɗankwairo a cikinsa, wayar kuma na bar wa yara su nemo mini abin da ya fito a makon.