Diwali da Mahanavami: bikin gida da bikin fada

Abin da ya fi raba waɗannan bukukuwan Hindu biyu a Indiya ta tsakiyar zamani shi ne wanda ke riƙe da ragamarsu. Diwali na iyalai ne da talakawa. Malam Al-Biruni, a littafinsa kan Indiya na wajen shekarar 1030, ya bayyana yadda mutane ke yin wanka su ci ado, su yi wa juna kyautar ganyen taunawa, su kai sadaka wuraren bauta, da dare kuma su kunna fitilu ko'ina.

Mahanavami kuwa, a daular Vijayanagara ta kudancin Indiya, sha'anin sarki ne na kwana tara. Domingo Paes, ɗan Fotugal da ya halarta wajen 1520 a zamanin Sarki Krishnadevaraya, ya ga kokawa, raye-raye, yankan dabbobi, dawakai cikin kwalliya, da hakimai suna zuwa gaisuwa. A ganina, nuna ƙarfin mulki ya rinjayi ibada a nan. Dandamalin dutsen da ake dangantawa da bikin yana nan har yau a Hampi, wato kangon babban birnin daular, kuma bayan an rushe birnin a 1565, sarakunan Mysore, wata masarauta a kudancin Indiya, ne suka ci gaba da al'adar.