WPA2 ko WPA3: wace rauta ya kamata ka saya?

Kafin ka ruɗu da sauri ko yawan eriya, juya kwalin rautar, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ka duba irin tsarin tsaron da take da shi. Idan WEP ne ko tsohon WPA kaɗai, ajiye ta. Tun 2001 aka gano lagon WEP, shi kuwa WPA na 2003 faci ne aka yi kafin na gaske ya iso.

Zaɓin na tsakanin WPA2 ne da WPA3. WPA2 ya fito a 2004, yana ɓoye bayanai da wata dabarar ɓoyewa da ake kira AES, kuma da wuya ka samu waya ko kwamfutar da ba ta san shi ba. Matsalarsa ita ce, duk lokacin da wayarka za ta hau Wi-Fi, sai sun yi musayar saƙonni 4 da rautar. Mai kutse da ke kusa zai iya naɗe su, ya tafi abinsa, ya sa kwamfuta ta yi ta gwada miliyoyin kalmomi don gano kalmar sirrinka, ba tare da rautarka ta sani ba. In lambar waya ce kalmar sirrinka, ko ranar haihuwa, to ta faɗi. In kuwa kalmomi biyar ko shida ne da ba su da alaƙa da juna, zai gaji ya bari. Daga haruffa 8 har 63 aka ba ka, kada ka tsaya a 8.

WPA3 na 2018 ya toshe wannan ƙofa da wani sabon tsarin tantance kalmar sirri mai suna SAE: kowane gwaji sai an yi shi da rautar kai tsaye. Ko da kalmar ta fita daga baya, ba za a buɗe abin da aka naɗa a da ba.

Ni dai mai WPA3 zan ce ka saya, amma wadda ke iya haɗa shi da WPA2, domin tsohuwar firinta ko kyamara ba lallai ta gane sabon ba. Mai rautar WPA2 da doguwar kalma kuwa, babu gaggawar canzawa.

Ka tabbatar ana iya kashe WPS, wato hanyar hawa Wi-Fi da lambar PIN ko danna maɓalli a maimakon kalmar sirri. Lambarsa alƙaluma 8 ce, amma rabi-rabi ake tantance ta, gwaji kusan 11,000 ya isa mai kutse ya gano ta. Ka kuma bincika ko kamfanin na ci gaba da sabunta manhajar rautar, don lagon da aka gano a WPA2 a 2017, mai suna KRACK, da sabuntawa aka gyara shi.