Aikin Haɗa Bututun Na'urar Ɗumama Gida

Ma'aikacin da ya haɗa mana bututun na'urar ɗumama gida ya san aikinsa. Bututun roba biyu ya ja, ɗaya na shigo da iskar da wuta ke buƙata daga waje, ɗaya na fitar da hayaƙi, kuma ya karkata na hayaƙin zuwa ɓangaren da na'urar take da kwatan inci a kowace ƙafa, domin ruwan da ke taruwa a ciki ya gangara magudana. Na ga ya shafe kowace mahaɗa da gam, sannan ya auna iskar kabon monoksaid, wato iska mai guba da wuta kan iya fitarwa, kafin ya tafi. Sai dai ramin da ya huda a bango cikin gaggawa ya toshe shi, har siminti ya ɓata fenti.