Binciken kisan kai zalla, ko wanda aka gauraya da tsafi?

Matasa masu karatu a nan Yamai sun yawaita tambayata: littafin binciken kisan kai zalla za su saya, ko mai tsafi da aljanu a ciki?

Na zalla tsohon hannu ne. A 1929 Ronald Knox, malamin coci ɗan Ingila, ya jera dokoki goma na irin wannan labari, ta biyu ta hana aljani da sihiri shiga, don mai karatu ya iya gano mai laifi da hankalinsa. Na zallan yana da sauƙin shiga, galibi kuma littafi guda ne, aljihu ba ya jin jiki.

Gaurayen yana neman haƙuri. Sai ka fara koyon dokokin duniyarsa: wa ke da layar zana, me ke karya ta, shin matacce na iya ba da shaida? Sau da yawa jeri ne mai tsawo, samun cikonsa wurin masu shimfiɗa littattafai a kasuwa kuwa sai sa'a. Haɗarinsa babba ne, domin in marubuci ya rasa mafita ya ɗora wa aljani kisan, ya cuce ka. Amma in ya riƙe dokokinsa, shi nake sake karantawa, ko na san mai laifin, duniyar ba ta gundura ta. Na zalla, da asiri ya tonu rabin daɗin ya tafi.

Mai ƙarancin lokaci da son wasa ƙwaƙwalwa, na zalla ya dace da shi. Wanda ya tashi da tatsuniyar dodo da labaran 'yan bori, yake kuma da dogon hutu, gaurayen ne nasa.