Wata huɗu ina gyaran haɗin injuna da KubeJS

Kuza ce ta kai ni ga KubeJS. Mu huɗu muke wasan Minecraft a saba ɗaya, fitowar 1.20.1 a kan Forge, manhajar da ke ɗora wa wasan mod, wato ƙarin da ake sa masa, da tarin mod ɗin da ni na harhaɗa da hannuna: Create, Mekanism, Thermal, Applied Energistics 2, da wasu ƙanana. Ba mu yi mako biyu ba akwatunanmu suka cika da sandar kuza iri biyu, ta Mekanism da ta Thermal, haka ma dalma. Sunansu ɗaya, amfaninsu ɗaya, amma ba sa taruwa a gurbi ɗaya. Gurbin da zai ɗauki guda 64 sai ka ga an raba shi biyu, kuma injin da ka ce ya tace kuza ya ɗauki ɗaya ya bar ɗayar tana yawo a kan bel. Tun da ni na haɗa tarin, ni aka tasa a gaba.

KubeJS shi ma mod ne, amma ba ya ƙara maka inji ko dodo ko sabon dutse da kansa. Abin da yake yi shi ne ya buɗe maka ƙofa ka rubuta umarni da JavaScript, ka soke ƙa'idar haɗa wani abu, ka canza ta, ko ka ƙirƙiri taka. Kada kamar sunan ta ruɗe ka, JavaScript daban, Java da aka rubuta wasan da ita daban. Wani inji ne mai suna Rhino yake karanta rubutun a cikin wasan. Ni ba gwanin rubuta manhaja ba ne, ɗan abin da na sani bai wuce na gyara shafin intanet ba, kuma ya ishe ni farawa.

Da ka sa shi ka kunna wasan sau ɗaya, zai ƙirƙiri folda, uku daga ciki na rubutu ne: startup_scripts, server_scripts da client_scripts. Ƙa'idojin haɗi a ta tsakiyar suke zama. Abin da ya fi burge ni tun ranar farko shi ne ba sai na kashe wasan ba. In gyara layi, in adana fayil, in rubuta /reload, in duba. Duk wanda ya taɓa zama yana kallon tarin mod yana tashi ya san darajar wannan. Sai dai in sabon abu ka ƙirƙira, wanda wasan bai san da shi ba, wannan a foldar farko yake, kuma dole ka kashe ka sake kunnawa. Akwai kuma /kubejs hand: ka riƙe abu a hannu ka rubuta, ya faɗa maka cikakken sunansa na ciki da duk laƙabin da aka jingina masa. Na fi amfani da wannan umarnin fiye da kowanne.

Laƙabin nan shi ne mabuɗin matsalar kuzar. Duk sandar kuza, ko daga wane mod ta fito, tana ƙarƙashin forge:ingots/tin. Sai na rubuta layi ɗaya tak, na ce a soke duk haɗin da yake fitar da wani abu mai wannan laƙabi, da niyyar in mayar da na Mekanism kaɗai. Na mayar da narkar da tama a tanderu, na mayar da narkar da garin kuza, na ce na gama. Washegari abokina ya turo saƙo wai ya dunƙule kuzarsa tara-tara zuwa bulo don ya rage cunkoson akwati, yanzu bulon ya ƙi warwarewa. Ashe mayar da bulo zuwa sanda tara shi ma haɗi ne mai fitar da sanda, haka ma haɗa gutsure tara su zama sanda ɗaya. Duk na share su. Garin gyaran gira na tsone ido. A nan na koyi cewa matatar sokewa tana karɓar sharaɗi fiye da ɗaya: in ka haɗa nau'in inji da abin da yake fita a wuri guda, sai wanda ya cika duka biyun za a taɓa. Daga baya ma na gano akwai mod mai suna Almost Unified da aka yi musamman don wannan aiki na haɗe ƙarafa. Da na sani da wuri da na huta, amma da ban koyi komai ba.

Inda na daɗe, kuma inda nake ganin ainihin labarin yake, wajen injunan Create ne. KubeJS, in ba a sa masa ƙari ba, teburin haɗi da tanderu da sauran kayan asalin wasan kawai ya sani. Don injin matsa ƙarfe, injin gauraya, ƙafafun niƙa da fankar wanki, akwai ƙarin da ake kira KubeJS Create, wanda da shi kowane inji layi ɗaya ne. Mod ɗin da ba shi da irin wannan ƙari kuwa, event.custom ne mafita: ka buɗe fayil ɗin mod ɗin kamar yadda ake buɗe zip, ka nemo yadda masu shi suka rubuta haɗinsu da JSON, ka kwaikwayi siffar. Yana aiki, amma ba ya yafiya. Harafi ɗaya ya kuskure, haɗin ya ɓace, sai ka je logs/kubejs/server.log ka ga dalili.

To, a Create ana samun baƙin ƙarfe ba tare da an taɓa haƙa ba. Ruwa da narkakken dutse su haifar da dutse, dutsen niƙa ya mayar da shi tsakuwa, fanka ta hura ruwa ta wanke tsakuwar, ɗaya cikin takwas ta ba da gutsuren ƙarfe. Gutsure tara sanda ɗaya ne, ke nan tsakuwa 72 a kan kowace sanda in aka yi lissafin tsaka-tsaki. Ni a ganina wannan ya yi sauƙi da yawa, ya kashe zuwa rami. Sai na rage sa'ar zuwa ɗaya cikin ashirin, tsakuwa 180 ke nan. Na zauna ina jin daɗin kaina, wai na tilasta wa mutane komawa haƙa.

Babu wanda ya ɗauki diga. Ɗaya daga cikinmu, wanda dama ya fi mu haƙurin gini, ya ninka injunan fasa dutsensa sau uku ya ci gaba da harkarsa. Ƙarfen da yake samu bai ragu ba, abin da ya ƙaru shi ne nauyi a kan sabar. Wasan yana tafiya ne da bugu 20 a kowace daƙiƙa, kuma duk lokacin da wani ya kusanci masana'antar tasa sai mu ga bugun ya faɗi, ka sari itace ya dawo, ka buɗe akwati ya yi jinkiri. Lambar da na canza a layi ɗaya ta zama ɗaruruwan tsakuwa suna gudu a kan bel. Mai son injuna, in ka tsananta masa sa'a, ba ka hana shi ba, dalilin ƙara gini ka ba shi. A ƙarshe na mayar da sa'ar yadda take, na juya ta ɗaya gefen: na sa tamar da aka haƙo ta riƙa ba da riba mai tsoka in ta bi ta ƙafafun niƙa. Da haƙa ta fi biya, mutane suka koma rami da kansu, ba wanda ya kore su.

Kuskure na biyu a wajen Create ya fi ban dariya. Na ƙara haɗin da babu shi: a niƙa sandar ƙarfe ta koma niƙaƙƙiyar tama, wai don a riƙa sake sarrafa ragowa. Na manta cewa wanke niƙaƙƙiyar tamar ƙarfe yana ba da gutsure tara, sau da yawa har da ƙurar redstone, jan ma'adinin wasan, a kai. Sanda ta zama tama, tama ta zama gutsure tara da redstone, gutsuren su koma sanda, a sake zagayowa. Ƙarfe bai ragu ko kaɗan ba, redstone kuwa sai zuba take kyauta. Kwana uku abokan nawa suna cin moriyar wannan ba wanda ya ce uffan, sai da na ga akwatuna shida jajur na tambaya. KubeJS ba zai gargaɗe ka a kan irin wannan ba, kuma ba aikinsa ba ne. Rubutun daidai yake, tunanin ne ya karkace. Tun daga ranar, kafin in ƙara haɗi sai na buɗe JEI, mod ɗin da ke nuna haɗin kowane abu, na danna U a kan abin da zai fita in ga ina yake zuwa, na bi shi mataki uku ko huɗu gaba.

Masu Applied Energistics 2, mod ɗin da na'urarsa take ajiye kaya tana haɗa su da kanta, su lura da abu ɗaya. Tsarin sarrafawa da aka riga aka rubuta wa na'ura yana riƙe da tsohon adadi. Na rage abin da wani haɗi yake fitarwa daga biyu zuwa ɗaya, na'urar ta tura kaya ta zauna jiran guda biyu har abada. Sai an sake rubuta tsarin da hannu. In za ka canza adadi a sabar da mutane suka riga suka yi gini, ka sanar da su tukuna.

Abin da zai fi wahalar da sabon shiga, a ganina, shi ne tsofaffin misalai. A zamanin 1.16 da 1.18 da onEvent ake buɗe rubutun haɗi. Daga KubeJS 6 aka koma ServerEvents.recipes. Misalan duka zamanin biyu suna nan birjik a intanet, kuma da yawa ba su faɗi na wace fitowa ba ne. Haka laƙabi: abin da yake farawa da forge a 1.20.1, a NeoForge (wanda ya ɓalle daga Forge) na 1.21 da harafin c yake farawa. Kafin ka kwafi komai, duba shekararsa. Rhino kuma bai san duk sababbin salon JavaScript ba, don haka wani layin da zai yi aiki a burauza a nan zai tsaya. Na sami sauƙi sosai da na sa ProbeJS, wanda yake sa VS Code, manhajar rubuta umarnin, ya riƙa kawo maka sunayen kayan tarinka tun kana cikin rubutawa. Da shi aka daina kuskuren harafi kusan gaba ɗaya.

Na ɗan gwada CraftTweaker kwana biyu don in kwatanta. Ya girmi KubeJS, yana da harshensa na kansa, ZenScript, kuma yana yin aikin lafiya lau. Ban zauna da shi ba ne kawai don ba na son koyon harshen da ba zai yi mini amfani a wajen wasan ba. Akwai kuma hanyar datapack da wasan ya zo da ita tun 1.13, amma a can kowane haɗi fayil ɗinsa daban. A KubeJS na jera sunayen ƙarafa takwas, na rubuta zagaye ɗaya, ya fitar mini da haɗin farantin kowannensu. Wannan kaɗai ya raba gardamar a wurina.

Wa zan ba shawarar ya ɗauka? Wanda yake haɗa tarinsa da kansa, ko yake riƙe da saba, kuma ba ya jin tsoron buɗe fayil ɗin rahoton kuskure. Wanda ya sauko da tarin da wasu suka riga suka daidaita, gara ya fara buga shi yadda yake, domin da yawa daga irin waɗannan tarin da KubeJS ɗin aka ɗaure su, kuma zare igiya ɗaya na iya warware matakin da ba ka kai ba tukuna. Amma ya leƙa foldar kubejs ɗinsu ya karanta. Rabin abin da na iya a nan na koya.

Yanzu fayil goma sha ɗaya nake da su, kowane mod da nasa, da wani guda da na sa wa priority mai girma a layin farko don a fara karanta shi, inda jerin ƙarafan yake. A saman kowane haɗin da na canza ina rubuta dalilin da ranar, saboda na taɓa tarar da layin da ya ninka kuɗin injin gauraya na kasa tuna abin da ya sa na yi. Haɗin niƙa sandar ƙarfe yana nan ban goge ba, na dai kashe shi da alamar sharhi. Akwatunan redstone shida ɗin kuwa mun yi yarjejeniya a bar su, har yau daga cikinsu muke ɗiba.