Laimar bakin teku da na saya a Balogun: sharhin wanda ya gwada ta

Duk wanda ya saba kai iyalinsa bakin teku a Legas ya san halin iskar wurin. Da hantsi garin lumui, amma da zarar ƙasa ta ɗauki zafi fiye da ruwan teku, sai iska ta fara kaɗowa daga Atlantika, tana ƙara ƙarfi tun daga azahar har la'asar sakaliya. Laimar da ba a ƙera ta don wannan ba, kafin ka gama shimfiɗa tabarma ta tashi, yara na bin ta da gudu. Da wannan ma'aunin na auna wadda na saya a kasuwar Balogun gab da ƙaramar Sallah, bayan na gaji da biyan kuɗin hayar rumfa duk lokacin da muka taso daga Agege.

Sandarta alminiyam ce, tana rabuwa biyu, ƙarafunan da ke buɗe ta kuma na faiba ne, masu lanƙwasa su dawo ba tare da sun karye ba. A ƙolinta akwai 'yar kafa da aka lulluɓe da wani ƙyalle, inda iska ke ficewa maimakon ta cika laimar ta ɗaga ta. Abin da ya fi burge ni shi ne gindinta: roba ce mai kauri, murɗaɗɗiya, ana juya ta cikin yashi kamar ana ɗaura noti. Laimar da ke da tsinin ƙarfe kawai, ko kyauta aka ba ka, bar ta wa masu sayar da katin waya a bakin titi.

Amma gindin ma sai an iya kafa shi. Wani mai tsire ɗan Arewa da ke sana'a a bakin ruwan Elegushi ne ya ga ina fama, ya taso ya ce, "Alhaji, share busasshen yashin nan tukuna, sai ka ji damshi sannan ka murɗa. Kuma ka karkata kanta wajen da iska ke zuwa." Na yi yadda ya ce, ta zauna daram har muka yi sallar la'asar a ƙarƙashinta, laimomin maƙwabta na ta kifewa. Na sayi tsirensa fiye da yadda na yi niyya, ya cancanta.

Inuwarta na ɗaukar manya biyu da kular abinci da jakar kaya. Maman yara ta yaba, don mai hijabi a zafin watan Maris na Legas ita ta san abin da take ji, kuma rufin mai duhu ne daga ciki, rana ba ta ratsa shi. An buga UPF 50 a jikin takardarta, lambar da ke nufin kashi ɗaya cikin 50 na hasken da ke ƙona fata ne kawai ke wucewa ta ƙyallen. Sai dai laima sama kawai take tarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce busasshen yashin bakin teku na mayar da kusan kashi 15 cikin ɗari na wannan hasken, kumfar teku kuma kusan kashi 25. Don haka ko kana cikin inuwa yana riskarka ta gefe. Mu baƙar fata muna raina wannan, amma fatar jariri ba ta ɗaukar raini. Hula da riga mai dogon hannu suna nan a jakarmu.

Inda ta gaza: mahaɗin da ake karya wuyanta da shi don bin rana roba ce marar ƙwari, ya riga ya fara sassautawa, da yamma sai na ɗaure shi da igiya. Jakarta ta yage tun farkon fita. Ƙananan kusoshinta kuma sun fara tsatsa, aikin gishirin teku ke nan. Yanzu da mun dawo gida nake ɗauraye ta da ruwan famfo in shanya kafin in naɗe.

A bakin ruwan Tarkwa Bay ta fi yi mini rana. Sai a jirgin ruwa ake zuwa can, rabuwar sandar biyu ta sa ta shige ƙarƙashin kujera ba tare da na tsokane wa kowa ido ba. Ruwan can ya fi kwanciya saboda katangar duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa da ke kare shi, saɓanin gaɓar Lekki inda igiyar ruwa ke ja da ƙarfi, ba na barin yara su wuce idon sawu.

Abu ɗaya da za ka bincika kafin ka kashe kuɗinka: tun da Bar Beach, tsohon bakin tekun Legas, ta tafi aka gina sabon birnin Eko Atlantic a wurin, yawancin bakin ruwan da ake zuwa na biyan kuɗin shiga ne, kowane da dokarsa. Akwai inda aka hana ni buɗe tawa, wai sai dai in kama rumfarsu. In irin wuraren nan kake zuwa, sayen laima asara ce. In kuwa Tarkwa Bay ce wajen zuwanka, ko inda ake barin mutum da kayansa, ka saye ta, amma ka buɗe ta a gaban mai shago ka girgiza mahaɗin wuyan kafin ka biya.